MP3, AAC, FLAC ko sauraro ta intanet: a wanne za ka zuba waƙoƙinka?

Sana'ata kai kayan sauti wuraren biki ce a nan Jidda, daga istirahohin (gidajen haya na biki) Kilo 14 zuwa gidajen 'yan uwa a Karantina da Sabil. Amma tambayar da ta fi zuwa mini ba ta sifika ba ce, ta fayil ce. Direba zai zo da filash yana so a cika masa kafin ya ɗauki hanyar Madina. Wani saurayi an gaya masa FLAC ne kaɗai na gaske, sauran duk tarkace ne, ya rasa yadda zai yi da wayarsa da ta cika. Kwanaki kuma wata Hajiya ta aiko jikanta da kwali cike da kaset ɗin da ta zo da su daga Kano tun kafin a haifi uwar yaron. Dukansu abu ɗaya suke son sani: a wane irin fayil za a zuba, kuma me za a rasa.

Kafin mu jera su, ka tuna yadda alhazai ke fama da kaya ranar awo. Wani yakan ninke tufafinsa tsaf, ya zauna a kan jakar har zif ya rufu. In ya isa gida ya buɗe, ko hankici bai ɓata ba. Wani kuwa kayan sun fi kilo, dole ya zazzage, ya zubar da kwalaye da ledoji da duk abin da yake ganin ba wanda zai tambaya. Jakarsa ta yi sauƙi sosai, amma abin da ya bari a Jidda ya bar shi ke nan. Matse sauti iri biyun nan ne. FLAC irin na farko ne. MP3 da AAC da Opus irin na biyu ne.

Abin da zan auna su da shi

Abu biyar: abin da kunne zai ji, kuɗin da za su ci maka na wuri da data, daɗewa, sauƙin kunnawa a na'urar da kake da ita, sai haɗarin da ke tattare da kowanne. Akwai na shida da ya rinjayi duka biyar ɗin, shi ne asalin da aka kwafo. Tun ran gini tun ran zane. Zan riƙa komawa kansa.

Ma'aunin da ake farawa da shi faifan CD ne, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982. Yana ɗaukar awon sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, ta kunnen dama da na hagu, abin da ke kama 1,411 kbps. Wannan kbps da kake gani a jikin fayil yawan bayanan da ke gudana ne a daƙiƙa ɗaya. Fayil mai 128 kbps ke nan ya ajiye kusan kashi ɗaya cikin sha ɗaya na abin da ke cikin CD. Abin mamakin shi ne har yanzu waƙa ce kake ji, ba hayaniya ba.

Dabarar tana cikin raunin kunne. Yaro lafiyayye yana jin sauti daga mai kaɗawa sau 20 a daƙiƙa zuwa sau 20,000, amma siraran na sama suna tafiya da shekaru. Yawancin waɗanda suka kai hamsin ba sa jin abin da ya haura 15,000. Sannan babban sauti yana danne ƙaramin da ke kusa da shi. Tsaya gefen injin niƙa a yi maka sallama a hankali, ba za ka amsa ba. Manhajar da ke matsewa tana lissafa abin da aka danne ne ta zubar da shi. In an ba ta wuri isasshe, abin da ba ka ji kawai take zubarwa. In aka ƙuntata mata, sai ta fara taɓa wanda kake ji.

WAV

Wannan ɗanyen nama ne, ba a taɓa shi ba. Microsoft da IBM suka fito da shi a 1991. Waƙar minti biyar tana cin kusan MB 53. Kowace kwamfuta tana buɗe shi, kuma shi ake aiki da shi a sitidiyo. Matsalarsa girma, sannan ba ya riƙe sunan mawaƙi da na waƙa yadda ya kamata, sai ka wayi gari da fayil ɗari masu lamba kawai. Na aiki ne, ba na yawo ba.

FLAC

Ya fito a 2001, kyauta ne, ba kamfanin da ya mallake shi. Yana rage fayil zuwa rabi ko kashi biyu cikin uku, kuma in ka warware shi sai ya dawo daidai da WAV ɗin da aka matse, ba bambancin ko ɗigo. Apple suna da irinsa, ALAC. Wajen daɗewa babu na biyunsa a jerin nan, saboda dalili biyu. Na ɗaya, yana ɗauke da wata lambar tantancewa a cikinsa, wadda manhaja za ta duba ta gaya maka ko fayil ɗin ya lalace. Na biyu, daga shi za ka iya cire MP3 yau, ka cire wani sabon nau'i bayan shekara goma, uwar tana nan ba ta ragu ba.

Sauƙi kuwa da sauransa. Wayoyin yanzu suna kunna shi, amma rediyon tsofaffin motoci da yawa ba su san shi ba, sai su tsallake fayil ɗin kamar babu shi. Haɗarinsa na jabu ne. Kowa zai iya ɗaukar rubabben MP3 ya juya shi FLAC, fayil ya kumbura, sauti ya tsaya inda yake. Akwai hanyar kama su. Buɗe fayil ɗin a manhajar Audacity ko Spek, duka kyauta ne, ka duba hoton sautin. In ka ga an yanke saman kamar da reza a wajen 16,000, alhali waƙar sabuwa ce ta sitidiyo, to da wuya in ba daga MP3 mai 128 ta fito ba.

MP3

Tsoho mai ran ƙarfe. Injiniyoyin cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus, ciki har da Karlheinz Brandenburg, su ne ƙashin bayan ƙirƙirarsa. An fitar da ƙa'idarsa a 1993, aka raɗa masa sunan .mp3 a 1995, haƙƙin mallakarsa kuma ya ƙare a 2017. Ban taɓa ganin na'urar da ke karɓar filash ta ƙi shi ba, daga rediyon Hiace zuwa ƙaramar sifikar da 'yan kasuwa ke ratayawa.

Sai dai MP3 suna ne da ya tara 'ya'ya masu hali daban-daban. A 320 kbps, in daga asali mai kyau aka ciro shi, yawancin mutane ba sa iya bambanta shi da CD idan aka rufe musu ido. A 192 ma lafiya lau ne ga kunnuwa da dama. A 128 ne ake fara ganin ƙafarsa, kuma kiɗanmu na cikin waɗanda suka fi tona masa asiri. MP3 yana yanka sauti gunduwa-gunduwa, kowace kusan kashi ɗaya cikin arba'in na daƙiƙa. Sautin da ke tafiya a miƙe, irin na algaita ko goge, bai cika wahalar da shi ba. Amma bugun da ke faɗowa kwatsam, kamar makaɗi a fatar kalangu, ko tsinkar kuntigi, ko tafin mata a kiɗan ƙwarya, yakan watsu ya cika gunduwar, har wani ɗan shuu ya riga bugun fitowa. Kalangun da ya kamata ya ce "tas" sai ya yi laushi kamar an lulluɓe shi da zane. Caki ya koma kamar ana zuba ruwa a roba. Muryar 'yan amshi, wajen "s" da "sh", ta riƙa ɗan tsiyaya. In ka taɓa lura da wannan sau ɗaya, shi ke nan, ka shiga uku, ko'ina sai ka ji shi.

Ƙasa da 128, ka bar wa wa'azi da karatu. Magana ba ta buƙatar abin da kiɗa ke buƙata.

AAC

An fito da shi a 1997 don ya gaji MP3, kuma a girma ɗaya ya fi shi tsabta, musamman a ƙananan lambobi da wajen bugun da na ambata. Fayil ɗinsa yawanci yana ƙarewa da .m4a. Shi Apple Music ke amfani da shi a 256 kbps, yana kuma cikin waɗanda YouTube ke aiko da sauti da su. Kowace waya tana kunna shi, motocin shekarun baya-bayan nan ma haka. In wayarka ce gidan waƙoƙinka, AAC 256 ya fi MP3 320 riba: wuri kaɗan, kunne bai rasa komai ba.

Nan ne wajen gargaɗin da na fi maimaitawa. Sautin da YouTube ke bai wa mai kallo na yau da kullum bai wuce 128 zuwa wajen 160 kbps ba. Shafukan da ke cewa za su ciro maka shi a "MP3 320" ba abin da suke ƙarawa. Matsattsen sauti suke sake matsewa, kamar ka yi fotokwafin fotokwafin iƙamarka, wato katin zamanka: takardar ta yi faɗi, hoton ya ƙara dushewa. Ga tallace-tallacen tarko da ke cike da irin shafukan, ga haƙƙin mawaƙin da ko halala, kwabon nan Saudiyya, ba ta shiga aljihunsa ba.

Opus

Autan gidan, na 2012. A ƙaramin girma ba mai kama ƙafarsa. A 96 zuwa 128 kbps yana yin abin da MP3 ke buƙatar fiye da haka kafin ya yi. Da shi WhatsApp ke aika saƙon murya, amma a lamba ƙasa sosai, wadda aka daidaita don magana. Shi ya sa waƙar da aka tura ta saƙon murya ba ta da jiki. In za ka aika wa wani waƙa, tura ta a matsayin takarda (Document), fayil ɗin zai isa yadda yake. Raunin Opus sauƙin kunnawa ne. Yawancin rediyon mota da sifikun filash ba sa karanta shi.

Sauraro ta intanet

Spotify ya shigo Saudiyya a watan Nuwamban 2018. Na kyauta yana kaiwa 160 kbps, mai biya kuwa kafin 2025 a 320 yake tsayawa. Apple Music sun ƙara sauti mara asara, irin na FLAC, a watan Yunin 2021 ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ga Anghami ga mai son waƙoƙin Larabawa, ga Audiomack da Boomplay inda waƙoƙin Hausa suka fi yawa. Wajen sauƙi sun yi wa kowa fintinkau. Kuɗin manyan kuwa wata-wata ake biya, ban da data: sauraron awa ɗaya a 320 yana cin kusan MB 144.

Haya ce, ba saye ba. Ranar da ka daina biya, waƙoƙin da ka sauke sun kulle. A Spotify ko kana biya sai ka hau intanet aƙalla sau ɗaya a kwana 30, in ba haka ba su ɓace. Waƙa kuma tana iya sauka daga shafin gobe ba tare da an shawarce ka ba. Sannan ingancin bai wuce abin da mai ɗorawa ya ɗora ba. Tsofaffin waƙoƙin gargajiya da na bege da yawa, in ma ka same su, daga gajiyayyen kaset wani ya kwafo.

| Nau'i | Waƙar minti 5 | Awa nawa a GB 1 | Kunnawa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| WAV | MB 53 | ɗaya da rabi | kwamfuta, waya, na'urori da yawa | cin wuri, rashin sunaye |
| FLAC | MB 25 zuwa 35 | kusan 3 | waya, kwamfuta, wasu motoci | jabu |
| MP3 320 | MB 12 | kusan 7 | ko'ina | kumburarren na YouTube |
| AAC 256 | MB 9.6 | kusan 9 | waya, sababbin motoci | tsohon rediyo ya ƙi shi |
| MP3 128 | MB 4.8 | 17 | ko'ina | kiɗa ya yi laushi |
| Opus 96 | MB 3.6 | 23 | waya, kwamfuta | mota ba ta karantawa |

Laifin da ake ɗora wa MP3 alhali ba nasa ba ne

Wani daren Alhamis a wata istiraha, ana shirin shigo da amarya, ƙanwar ango ta miƙo mini waya. "Yaya, wannan za ka sa, musamman aka rera mata." Na duba, fayil ɗin WAV ne mai nauyi, raina ya yi fari. Ina dannawa fitilun na'urata suka haye ja suka zauna, ba sa ko motsi. Murya da piyano da ganga duk sun dunƙule wuri ɗaya, tsayinsu ɗaya, ga wata ƙara-ƙara duk lokacin da ganga ta faɗo. Na rage, ƙarar ba ta tafi ba, don a cikin waƙar take. Wata dattijuwa a layin gaba ta sa yatsa a kunne tana hararata. Ni na sha harara, amma a sitidiyo aka yi ɓarnar.

Akwai wani matsin dabam da na fayil, wanda ake yi wa ƙarfin sauti. Mai haɗa waƙa yana ɗaga wuraren da suka yi ƙasa, ya danne waɗanda suka yi sama, don waƙar ta fi ta maƙwabcinsa ƙara. Kaɗan daga ciki gishiri ne, yana sa murya ta fito fili. In ya yi yawa sai waƙa ta rasa numfashi, babu inda za ta sauka balle ta tashi, kunne ya gaji kafin baiti na uku. Sautin kwamfuta kuma yana da rufin da ba ya wucewa. Abin da ya bugi rufin sai a aske kansa, wannan askin ne ƙarar da na ji. Irin wannan waƙa ko a FLAC ka zuba ta haka za ta fito, in kuma ka matse ta zuwa MP3 sai abin ya ƙara muni.

Abin haushin, yanzu ƙarar ma ba ta biyan kuɗin sabulu. Spotify yana daidaita waƙoƙi a kan mataki ɗaya, -14 a ma'aunin da ake kira LUFS, YouTube ma yana rage waɗanda suka wuce kima. Wanda ya danne waƙarsa don ta yi ƙara, za a rage masa ita, ya tashi ba ƙarar ba numfashin.

Haka muryar nan mai kama da ta ƙarfe da ta cika waƙoƙin zamani. Ba matsin fayil ba ne, Auto-Tune ne, manhajar gyaran murya da kamfanin Antares ya fitar a 1997, aka murɗa ta har ƙarshe. Wasu na so, wasu ba sa so. Ni dai nakan yi kewar jin mawaƙi ya ɗan kauce ya dawo da kansa.

Sai Bluetooth, wanda mutane ke mantawa da shi. Duk abin da ya bi ta cikinsa sai an sake matse shi. Hanyar da kowace na'ura ta sani, SBC, tana tsayawa wajen 328 kbps in komai ya yi daidai. LDAC na Sony yana kaiwa 990, har yanzu bai kai 1,411 na CD ba. Apple da kansu sun faɗa cewa AirPods ba sa isar da sauti mara asara ta Bluetooth. Saurayin da ya cika wayarsa da FLAC yana ji da abin kunne mara waya, wuri kawai yake ɓatawa. Da ya sa kuɗin memorin a abin kunne mai kyau, da tun a waƙar farko zai ji bambanci.

Kada ka yarda da ni, gwada. Ɗauki waƙar da ka sani sarai a FLAC, ka cire mata MP3 320 da 128. Ba wa ɗan uwanka wayar, ka juya baya, ya riƙa kunna su a cakuɗe sau goma ba tare da ya taɓa ƙarfin murya ba, kai kuma kana faɗin wanne ne. A nan ji ne ke korar gani. Na yi wa abokai da dama, na 128 suna kama shi jefi-jefi, na 320 kuwa sai kame-kame.

To, wanne ne naka?

In direba ne kai, kana zirga-zirga tsakanin Jidda da Makka da Madina: MP3, 192 ya isa, 320 in filash ɗin na da wuri. Ƙugin taya da na AC a kan titi sun riga sun danne duk abin da FLAC zai ƙara maka. Ka yi wa filash ɗin fomat a tsarin FAT32, shi tsofaffin rediyoyi suka fi ganewa. Kuma kada ya zama shi ne kaɗai kwafinka, don filash ɗin da ke kwana a mota cikin zafin Yuli ba abin dogaro ba ne.

In a waya kake ji da abin kunne, kana son sababbin waƙoƙi, kuma kana da intanet a gida: biya ɗaya daga cikin manhajojin sauraro, ka sauke a gida, ka kashe data a waje. Waɗanda ba ka son rabuwa da su kuwa, ka nemi naka fayil, AAC 256.

In wayarka ƙarama ce, ko za ka aika wa 'yan uwa a gida inda data ke da tsada: Opus 96 in za su iya kunnawa, in ba haka ba AAC 128.

In irin aikina kake yi: kada ka sauko ƙasa da MP3 320 ko AAC 256, don manyan sifiku ba sa rufa wa kowa asiri. Ka karɓi waƙar amarya kwana ɗaya kafin biki, ka saurare ta a gida.

In mawaƙi ne kai: karɓi WAV ɗinka daga sitidiyo, shi za ka ɗora a intanet, su matse da kansu sau ɗaya. Ka kuma roƙi mai haɗawa ya bar wa kalangu wurin numfashi.

In kuwa kaset ne a hannunka irin na Hajiya, FLAC, ba shawara. Danshin Jidda yana sa tef ya yi fumfuna ya manne, kowane juyi kuma yana iya zama na ƙarshe. Goge kan rediyon da auduga da sifirit, ka haɗa shi da kwamfuta da igiya, ba wai ka kara waya a bakin sifika ba. Ɗauka da Audacity, ka bar tazara kada ya taɓa ja. Shuu ɗin kaset yana cinye wa MP3 wurin da ya kamata ya ba murya, shi ya sa 128 ke yi wa tsofaffin waƙoƙi illa fiye da sababbi. Kada kuma ka matsa wajen goge shuu ɗin da manhaja, muryar ce za ta koma kamar daga cikin rijiya. Kaset ɗari masu awa ɗaya-ɗaya ba za su cika GB 64 ba a FLAC. Yi kwafi biyu, ɗaya a nan, ɗaya ka ba mai tafiya gida ya kai wa dangi.

Na Hajiya 43 ne, biyu sun riga sun tsinke, na liƙa ɗaya ya yi. Na ajiye mata FLAC ɗin a wurin babban ɗanta, ita kuma na zuba mata MP3 a ƙaramin memori don 'yar rediyonta. A tsakiyar wani kaset, bayan waƙa ta ƙare, akwai minti biyu da wani ya danna jan maɓalli bisa kuskure: ƙarar tabarya, kukan akuya, da muryar namiji yana tambayar ina aka ajiye masa buta. Na tambayi jikan ko in yanke. Ya dawo washegari ya ce, "Kawu, ta ce in ka taɓa wurin nan ba ta yafe ba. Muryar Alhaji ce."